Wace A-kori-kura Ce Za Ta Iya Jan Tirela Mai Nauyi?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a garin Saminaka ta jihar Kaduna. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce yana da ƙaramar tirela mai taya huɗu wadda wani mai walda ya ƙera masa, nauyinta in ba kaya wajen kilo 700. Yana so ya riƙa ɗora mata buhun masara 20, wani lokaci kuma tankin ruwa, ya ja ta da mota a-kori-kura. Dillalai sun ce masa Hilux tana jan tan uku da rabi, wasu kuma sun ce ya nemi 'yar Amurka. Shi ne yake so a ba shi shawarar wadda zai saya.

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda, kuma ka yi dabara da ka yi tambaya tun kuɗinka suna aljihu. Abin da za mu fara gaya maka shi ne, jan kaya ba shi ne mai wuya ba. Kusan kowace a-kori-kura, har tsofaffin Peugeot 404 da 504 da muka tashi muka gani, in ka sa mata giya ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta motsa da tan uku. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da akuya ta faɗo titi, ko ka doshi gangara, ko babbar mota ta wuce ka da gudu iskarta ta bugi tirelar. A nan ne ake sanin ko motar ce ke jan tirela, ko kuwa tirelar ce ke tura mota. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa dillali ita ce, nawa wannan mota za ta iya tsayarwa, nawa kuma za ta iya riƙewa a kan hanya ba tare da ta kufce wa direba ba.

Mu fara da tirelar taka, don ita ce za ta zaɓa maka mota. Buhu 20 a kan kilo 100 kowane, ka ga kilo 2,000 ke nan. Ka haɗa da nauyin ita kanta tirelar, 700, ya zama 2,700. Mutane da yawa a nan suke tafka kuskure, su ƙirga kaya su manta da ƙarfen da ke ɗauke da kayan. Sannan kai ma ka san buhun da ake kira na kilo 100, in an danna shi an ɗinke bakin da tozo, yakan haura haka. Ruwa kuwa lissafinsa ba wuya, lita ɗaya kilo ɗaya, watau tanki mai lita 2,000 tan biyu ne cif, ban da nauyin tankin. Shawararmu ita ce kada ka tsaya ga ƙiyasi. Ka kai tirelar inda ke da sikelin awon manyan motoci, irin na kamfanonin casar shinkafa ko na sayen hatsi, a auna ta ba kaya, a sake auna ta da kaya. Abin da za ka biya bai taka kara ya karya ba.

Yanzu maganar tan uku da rabi. Dillalan ba ƙarya suka yi ba, amma rabin magana suka faɗa maka. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux a 1968, kuma daga lokacin zuwa yau an yi ta iri-iri. Cikin samfurin da ya fito a 2015 akwai masu injin dizal mai lita 2.8 waɗanda aka rubuta musu kilo 3,500 a ƙasashen Turai da Ostareliya. To amma masu injin fetur mai lita 2.7, waɗanda su ne suka fi yawa a hanyoyinmu, lambarsu ba ta kai haka ba, akan rubuta musu wajen kilo 2,500, haka nan samfurin da ya gabata na 2005 zuwa 2015. Suna ɗaya, fuska kusan ɗaya, amma tazarar tan guda a tsakani. Ita ma Land Cruiser a-kori-kura, wadda ake kira 79, an rubuta mata kilo 3,500 a Ostareliya.

Kuma duk waɗannan lambobi akwai sharaɗi a kansu wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba: sai tirelar tana da birki nata na kanta. In ba ta da shi, abin da aka yarda Hilux ta ja shi ne kilo 750, haka kuma dokar Turai da ta Ostareliya suka tanada ga tirelar da ba birki. Malam ka duba da kyau. Taka ba kaya ma kilo 700 ce. Ashe ke nan in ba birki a jikinta, abin da ya rage maka kilo 50 ne, buhun siminti ɗaya. Ba ka gaya mana a takardarka ko tana da birki ba, amma mun san yadda ake ƙera irin waɗannan: a samo aksul na tsohuwar mota, watau ƙarfen nan da ke riƙe tayoyi biyu, a yi masa walda a ƙarƙashin bodi, birkin kuwa ko an cire shi ko yana nan ba a haɗa shi da komai ba. Birkin motarka an yi shi ne daidai nauyin motar da kayan da ke bayanta, wajen tan uku. Idan ka ƙara masa wasu tan uku, zai yi aikin a taka na farko da na biyu, amma a doguwar gangara zai yi zafi, ka taka ka ji ya tafi ƙasa kamar ka taka soso.

Birkin tirela iri biyu ne aka fi sani. Akwai na Turai, wanda ke cikin wuyan tirelar: da zarar mota ta rage gudu tirela ta turo gaba, wannan turin shi ke jan wayoyin birkinta. Ba ya bukatar lantarki, bakanike na gari zai iya gyara shi, kuma ana amfani da shi har zuwa kilo 3,500. Akwai kuma na lantarki da Amurkawa suka fi so, wanda ake ɗaura wata 'yar na'ura kusa da sitiyari, direba ya iya ƙara ko rage ƙarfin birkin, har ma ya kama na tirelar shi kaɗai da hannu. Ko wanne ka samu ya yi. Amma ka ware kuɗinsa tun kafin ka shiga cinikin mota, don in kuɗin ba za su ishi duka biyun ba, gara ka sayi mota mai rangwamen kyau da tirela mai birki, da ka sayi sabuwa dal tana jan ƙarfen da ba ya tsayawa.

Sai kuma wani lissafi da ko masu motar da yawa ba su san da shi ba. Kowace mota tana da lambobi uku da suka shafe ka. Na ɗaya, iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, mutane da kaya da mai. Na biyu, iyakar abin da za ta ja. Na uku, iyakar nauyin mota da tirela in an haɗa su gaba ɗaya. Za ka same su a littafin motar, ko a wani ɗan faranti ko takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin gidan injin. A motocin Amurka na farkon ana rubuta shi da haruffan GVWR, na ukun kuma GCWR, shi yawanci sai a littafi. Abin lura shi ne na ukun ba ya kai jimillar na farko da na biyu. Alal misali, ga lambobi irin na Hilux mai gida biyu mai injin 2.8: motar ba kaya wajen kilo 2,100, iyakarta da kaya 3,050, iyakar haɗaka 5,850. In ka ɗaura mata tirela mai kilo 3,500, cire shi daga 5,850, saura 2,350. Cire nauyin motar, saura 250. Watau kai da yaran mota biyu da jarkar mai, magana ta ƙare, bayan motar kuwa sai dai ya tafi wayam. Wanda ya cika bayan a-kori-kura da buhuna, ya zaunar da leburori a kai, sannan ya ɗaura tirela cike, ya wuce iyaka tun bai bar gona ba.

Akwai kuma nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Wannan ma kaya ne a kan motar, tilas a cire shi daga abin da take ɗauka. A Amurka akan ce ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela, a Turai sukan yi ƙasa da haka. Mu ɗauki kashi 10: a taka tirelar kilo 270 ke nan. Motar misalinmu tana ɗaukar 950, a cire 270, saura 680, a cire mutum huɗu masu kilo 70, saura 400. Ka ga har yanzu kana cikin iyaka, da ɗan sarari.

Kada ka ce bari in tura kayan can baya don in sauƙaƙa wa mota. Wannan shi ne mafi haɗari cikin duk abin da za mu faɗa yau. Tirelar da nauyinta ya koma bayan tayoyinta, wuyanta ya yi sakayau, tana kaiwa wani gudu sai ta fara kaɗa gindi hagu da dama, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ta ɗauke ƙafafun bayan motar ta juya ta. Abin yakan faru cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙa'idar lodi ita ce wajen kashi 60 na kaya a gaban aksul, 40 a baya, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su tam. Idan kuma nauyin ya yi yawa a gaba, gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka su riƙa haska saman itatuwa. Ka tsaya daga gefe ka duba, mota da tirela su kasance a miƙe kamar an ja layi. Tankin ruwa kuma ko ka cika shi ko ka bar shi ba komai, domin rabin tanki ruwan yana gudu gaba da baya, ka taka birki ya zo ya buge ka daga baya.

In Allah ya sa ta fara wannan rawa kana tafe, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka yi kokawa da sitiyari. Ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, bari gudun ya sauka da kansa. Mai birkin lantarki ya kama na tirelar da hannu a hankali, wannan yakan miƙar da ita. Daga nan ka sauka gefen hanya ka sake lodi.

To, 'yan Amurka fa? Gaskiya ne manyansu, irin su Ford F-150 da Toyota Tundra, sun fi Hilux tsawo da nauyi, kuma mota mai nauyi mai nisa tsakanin tayoyin gaba da na baya ta fi wuyar jijjigawa. Wannan fa'ida ce ta gaske. Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, Amurkawa da fam suke awo, ba da kilo ba, kuma kilo ɗaya fam 2.2 ne. Toyota Tacoma mai silinda huɗu, wadda ake shigo da ita da yawa ta hannu, an rubuta mata 3,500, amma fam ne, watau wajen kilo 1,590. Mutum ya ga 3,500 ya ɗauka tan uku da rabi ne, alhali ko rabinsa bai cika ba. Mai silinda shida da aka yi wa shirin ja tun daga kamfani ita ce ke kai fam 6,500, wajen kilo 2,950. Na biyu, suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. F-150 ta shekarar 2021 akwai wadda aka rubuta wa fam 5,000, akwai ta fam 14,000, ya danganta da injin da giyar aksul da kayan sanyaya da aka sa mata. Dillali kuwa babbar lambar zai faɗa maka.

Wataƙila ka ce, su waɗannan lambobi daga ina ake samo su? Da can a Amurka kowane kamfani shi ke yanka wa kansa, ana ta gasar wa ya fi. A 2008 ƙungiyar injiniyoyin motoci da ake kira SAE ta fito da ma'auni guda mai suna J2807. Toyota ta fara bin sa a motocin 2011, su Ford da Chevrolet da Ram kuma sai a na 2015. Cikin jarrabawar akwai hawan wani tudu a jihar Arizona kusa da madatsar ruwa ta Davis, tafiyar wajen kilomita 18, ana farawa zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a buɗe har ƙarshe, kuma kada gudu ya sauka ƙasa da wajen kilomita 64 a awa, kada injin ya tafasa. Akwai kuma tashi daga tsaye a kan tudu sau biyar cikin minti biyar. Amma fa mutum biyu kacal ake lissafawa a cikin motar, kowane kilo 68, motar kuma sabuwa ce. Taka za ta zo ne da shekara goma ko fiye a kanta, ta yi aiki a watan Afrilu lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wurare da dama na Arewa, a kan hanya mai ramuka. In ka nufi Jos kuma, wadda ke sama da teku da wajen mita 1,200, injin da ba shi da tabo yakan rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, saboda iska ta yi ƙaranci. Don haka a ganinmu, duk lambar da ka gani ka bar kashi ɗaya cikin biyar a matsayin rara. Wannan ba doka ba ce, shawara ce.

Game da injin, dizal ya fi dacewa da ja, domin yana ba da ƙarfinsa tun bai yi ƙara sosai ba, kuma shan mansa ba ya hauhawa kamar na fetur in an ɗora masa nauyi. Sai dai dizal na zamani ba ya haƙuri da gurɓataccen mai, gyaran allurorinsa kuma akwai tsada, saboda haka ka tambayi kanka ko akwai bakaniken da ya san shi kusa da kai. Mai giyar hannu kuloci ne ke shan wuya wajen tashi da kaya. Otomatik ta fi sauƙin tashi, amma man giyarta yana zafi, sai ka tabbata tana da ɗan lagireto na sanyaya shi. Mai ja da ƙafa huɗu tana da amfani a gona da damina, musamman ƙaramar giyar nan da ke sa ta rarrafe da kaya ba tare da ƙona kuloci ba. Amma ja da ƙafa huɗu ba ya ƙara birki ko kaɗan.

Wajen duba ta hannu, ka sa a ɗaga ta ka shiga ƙarƙashi da tocila, ka bi cesis, watau manyan ƙarafunan nan biyu da motar ke zaune a kansu, tun daga gaba har baya. A jihohin Amurka masu sanyi ana zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe. Har ta kai a 2016 Toyota ta amince da wani sulhu na sama da dala biliyan uku kan tsatsar cesis a wasu Tacoma da Tundra da Sequoia. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji. Cesis da aka taɓa yi wa walda ko aka miƙe bayan haɗari, bar wa mai ita kayarsa. Ka duba sifirin na baya ko akwai karyayye, ka duba lagireto. Kuma ka sani, ƙara wa sifirin ganye yana hana gindin mota zama, amma ba ya ƙara mata birki, ba ya ƙara wa aksul ƙarfi, lambar kamfani tana nan yadda take.

Tayoyi ma suna da nasu lissafin. A gefen kowace taya, bayan lambar girmanta, akwai wata lamba da harafi, kamar 112S. Lambar ita ce nauyin da tayar ke ɗauka: 104 kilo 900 ne, 112 kilo 1,120, 121 kuma 1,450. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar ƙira, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tirela ita aka fi cuta a nan, duk tayar da mota ta gaji da ita sai a ce a sa wa tirela, alhali fashewar taya a can baya ita ma tana kifar da mota.

Ƙugiya kuma kada a yi ta a jikin bamba, kada kuma mai walda ya ƙirƙiro ta daga guntayen rodi. A nemo wadda aka ƙera wa irin motar, mai lambar nauyi a jikinta, a ɗaure ta da notuna a ramukan da kamfani ya tanada a cesis. Ƙwallon ƙarfen da tirela ke hawa shi ma girma-girma ne: na Turai milimita 50, na Amurka akwai inci biyu, akwai wanda ya fi shi, akwai wanda bai kai ba. A ido kusan ɗaya suke, amma ƙaramin ƙwallo a cikin babban baki, rami ɗaya ya isa ya raba su. Sai a sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan, yadda ko ya kufce zai faɗa a kansu maimakon ya soki kwalta. Fitilun birki da sigina na tirela su yi aiki, ka kuma riƙe waigi a mota don tsayawa a kan tudu. Tirelar tarakta kuwa, mai ɗaukar tan biyar, ba ta a-kori-kura ba ce sam, an yi ta ne don tafiyar tarakta a hankali.

Gudu shi ne na ƙarshe. In ka ninka gudu sau biyu, aikin da birki zai yi ya ninku sau huɗu. A Jamus mai jan tirela kilomita 80 aka ba shi, sai da izini na musamman yake kai 100, a Ingila ma kilomita 80 ne a hanyar da ba a raba ta biyu ba. Waɗannan fa hanyoyi ne masu santsi. A namu, da wannan nauyi, mu dai ba za mu wuce 70 ba. A gangara irin ta Hawan Kibo, ka sa babbar giya tun kana sama, wadda da ita za ka hau tudun, injin ya riƙe maka, kada ka kuskura ka sa firi don tsimin mai.

Saboda haka malam, ga kilo 2,700 naka: in ka sa wa tirelar birki, Hilux mai dizal 2.8 da farantinta ya nuna 3,500, ko Land Cruiser 79, ko babbar 'yar Amurka da littafinta ya nuna fam 7,500 zuwa sama, duk za su yi. In kuwa Hilux mai fetur ce kuɗinka suka kai, ita ma mota ce ta ƙwarai, sai ka tsaya a buhu 13, ragowar ka dawo ka kwashe a sawu na biyu. Da fatan ka gamsu.